Kawu Sha Huɗu da Jarrabawar Barci

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi yana tuƙa bas mai lamba sha huɗu, daga tashar kasuwa zuwa ƙarshen layi a bayan masana'antu, ya juyo, sau shida a rana. An sauya motar sau uku a tsawon wannan lokaci, amma lambar tana nan, don haka a gareji babu mai kiransa da sunan yanka. Sha Huɗu ake ce masa. Haka sauran direbobi ma: akwai Tara, akwai Ashirin da Biyu, akwai wani tsoho da ya bar aiki tun ina yaro amma har ya rasu Uku ake kiransa. Ko Inna, matar Kawu, idan ya ɓata mata rai da lambar take kiransa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, gajere mai kaurin wuya, mai son hula da gogaggiyar riga. Abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa goge ko fitilar wani ba. Idan aka tambaye shi sirrin, sai ya ce barci. A ƙarshen layi ana ba direba minti goma sha biyu kafin ya juyo. Sauran sukan sauka su sha shayi su yi gardamar ƙwallo, shi kuwa sai ya tura kujera baya, ya rufe fuska da hula, ya yi barcin minti goma, ya farka da kansa ba tare da agogo ba. Yakan ce direban da bai iya barci ba bai iya tuƙi ba.

Ban daɗe da dawowa daga karatu ba ya zo gidanmu shi da Inna, da wasu takardu a aljihu. Karatuna bai shafi likitanci ba, amma a dangi duk wanda ya yi nisa ya dawo, shi ake kawo wa takarda. Ya ce wata likita ce ta zo gareji da mutanenta daga babban asibiti, suna bincike kan barcin direbobi: yadda suke kwana, da yadda gyangyaɗi ke kama su da rana. Ta tsaya gabansu ta ce ba za a rubuta sunan kowa ba, lamba kawai za a sa, kuma kamfani ba zai san wa ya faɗi me ba.

"To kai da ka san halinsu, in faɗi gaskiya ko in yi musu dabara irin ta direba?" ya tambaye ni.

Na ce ya faɗi gaskiya. Na gaya masa inda na yi karatu kulle irin waɗannan takardu ake yi, ko shugaban ma'aikata ba ya ganinsu. Da zuciya ɗaya na faɗa, shi ma da zuciya ɗaya ya karɓa.

Takarda ta farko tambayoyi takwas ne. Kowace tana kawo wani zama na yau da kullum, sai mutum ya faɗi yadda barci ke iya ɗaukarsa a ciki, daga sifili zuwa uku. Ina karantawa yana amsawa. Idan yana zaune yana karatu? Ya ce shi da jarida ba su taɓa wuce shafin farko tare ba, in sa uku. Gaban talabijin? Inna ta amsa daga tsakar gida cewa talabijin ce ke kallonsa. Bayan cin abincin rana, uku. Idan yana hira da mutum? Ya ce ya danganta da mutumin, in surukinsa ne uku, in wani ne sifili, muka sa ɗaya. Ana ta dariya har muka zo ta ƙarshe, wadda ke tambaya ko barci kan ɗauke shi a mota idan ta tsaya 'yan mintuna a cunkoso.

Kawu ya daina dariya. Sai ya ce sau ɗaya, bara, a gaban danja, hon ɗin na baya ne ya tashe shi. Ƙafarsa na kan birki, motar ba ta motsa ba, babu fasinjan da ya lura. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Muka sa ɗaya. Da na tara, maki sha bakwai ya samu cikin ashirin da huɗu.

Takarda ta biyu kan ingancin barci ce: ƙarfe nawa yake kwanciya, minti nawa kafin barci ya zo, sau nawa yake farkawa a mako. A ƙarshenta akwai ɓangaren da abokin kwana zai cike. Lokacin Kawu ya fita gaida maƙwabci, sai Inna ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce munshari ba sabon abu ba ne, ta saba. Abin da ke tsorata ta shi ne yadda numfashinsa ke ɗaukewa, ɗif, har ta ƙirga ashirin wani lokaci, sannan ya ja shi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ta ce in rubuta, ko likitar za ta san maganinsa. Na rubuta, na ninke takardun, Kawu ya mayar da su washegari bai ko duba ba.

Bayan mako biyu aka kira shi asibiti gwajin rana. Ranar hutunsa ce. Ya yi wanka, ya sa rigarsa mafi kyau, kamar mai zuwa jarrabawar lasin. Na raka shi. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, gado ɗaya da farin zanen gado, kyamara a kusurwa. Nas ta manna masa wayoyi a kai da haɓa da gefen ido, ta kashe fitila, ta koma ɗakin da ke gefe ta ce masa ta lasifika ya kwanta, ya rufe ido, ya yi ƙoƙarin yin barci. Sau biyar ake yi, awa biyu tsakani, ana auna mintin da mutum ke ɗauka kafin barci ya kama shi.

Kawu ya ji an ce ya yi ƙoƙari, sai ya yi. Wannan ce sana'ar da ya fi kowa iyawa a gareji, kuma ga shi yau an samu masu ilmi sun zo kallo. Minti uku, minti biyu, huɗu, uku, uku. A hanyar gida bakinsa har kunne. Ya ce nas ɗin ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ni kuwa na riga na karanta a ɗakin jira cewa duk abin da ya gaza minti takwas alama ce da likitoci ke tsoro, ba yabo ba. Na bar shi da murnarsa.

Wata biyu bayan nan Manaja ya kira shi ofis da safe, kafin fita ta farko. A kan tebur akwai rahoto mai shafi kaɗan, da jerin direbobi arba'in, babu suna ko ɗaya. Likitar ta cika wannan alkawari. Amma ranar da mutanenta suka fara zuwa, sun roƙi Mai Rajista, wanda ke tsara fitar motoci, ya ba kowane direba lamba a madadin suna. Shi kuwa a wurinsa kowane direba ai yana da lambarsa tun tuni, sai ya zauna ya rubuta musu lambobin motoci. Masu binciken ba su san gareji ba, suka ɗauka lambobin sirri ne. Manaja bai sha wahalar komai ba. Ya sa yatsa a layi na sha huɗu: maki sha bakwai, minti uku, ɗaukewar numfashi. Direbobin da ke sama da ƙasa da shi kuwa makinsu sifili, biyu, sifili, uku.

Daga baya muka ji dalili. Mai Rajista ya bi direbobi a teburin mai shayi yana gaya musu su sa sifili-sifili, don takarda ba ta da aboki. Kawu ne kaɗai bai gaya wa ba, alhali shekara ashirin suna cin abincin rana a kwano ɗaya. Da Kawu ya tambaye shi, sai ya ce ai shi ya ɗauka mai ɗan boko a gida ba ya bukatar shawarar irinsu.

Manaja ya karɓi makulli. Ya ce ba korarsa ya yi ba: kwana talatin, ya kawo takarda daga likita cewa zai iya riƙe sitiyari, in ba haka ba motar ta koma hannun wani.

Muka je wurin likitar. Ban ga alamar ƙarya a fuskarta ba, ta kaɗu ƙwarai. Ta ce kamfani ya ba su izinin shiga gareji ne bisa sharaɗin a ba shi taƙaitaccen sakamako, kuma ba ta taɓa zaton lambobin na nuna kowa ba. Ta ba da haƙuri har sau uku. Sannan ta yi bayani a hankali: da alama maƙogwaronsa ne ke rufewa idan ya yi barci, shi ya sa yake kwana amma ba ya hutawa. Akwai na'urar da ake sawa a hanci, tana taimakawa. Idan ya fara amfani da ita, akwai wani gwajin, na zama a farke wannan karon, a kujera cikin ɗaki mai duhu-duhu, minti arba'in sau huɗu. In ya ci, da hannunta za ta rubuta masa takardar.

Kawu ya saurara, hula a kan gwiwa. Da ta gama ya ce:

"Likita, ranar da kika tsaya gabanmu kika ce babu mai gani, wani ne ya tilasta miki?"

Ta ce a'a.

"To. Ni ma babu wanda ya tilasta mini na yarda."

Da muka fito ya tambaye ni wa ya gaya musu maganar numfashi, tunda shi bai san da ita ba balle ya faɗa. Ban iya ɓoyewa ba. A gida bai ɗaga murya ba. Ya tsaya bakin ƙofar kicin ya ce wa Inna shekara talatin tana gefensa tana ƙirga, ba ta gaya masa ba sai takarda.

"Sau nawa na gaya maka, Sha Huɗu?" ta ce, ba ta bar wanke-wankenta ba. "Ka ce munsharin gajiya ne. Takardar ce kaɗai ta tsaya ta ji ni."

Na sha tunanin wannan al'amari, kuma ban samu inda zan tsaya da ƙafa biyu ba. Mutum sittin ke shiga motar nan a sahu ɗaya. Ma'aunin bai yi wa Kawu ƙarya ba, kuma da 'yata ce a kujerar baya, da zan so a san labarin danjar nan. Amma ma'aunin mutum ɗaya ya kama, wanda ya amsa da gaskiya. Tara, da kowa ya san gyangyaɗi ne ya sa ya daki ƙofar gareji bara, yana nan yana tuƙi da makinsa biyu.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Na karɓo ranar gwaji daga asibiti, ya bari ta wuce. Na karɓo wata. Mahaifiyata ta zo ta yi masa faɗa irin na yaya, ta ce girman kai ba ya tuƙa mota. Direbobi biyu suka zo gaisuwa, suka zauna kamar masu ta'aziyya, ya sa aka kawo musu ruwa, bai tambaye su labarin gareji ba. Saura kwana biyu na sake yi masa magana. Na ce wannan karon ni zan karɓi sakamakon da hannuna, babu wanda zai gani.

Ya dube ni, ba da fushi ba.

"Ɗan yayata, wancan karon ma kai ka ce."

A rana ta talatin ya goge tufafin aikinsa kala biyu, ya ninke su a leda, ya tafi gareji a ƙafa. Manaja ya yi masa tayin gadin ƙofa da rana, albashi kusan ɗaya. Ya yi godiya ya ce a ba mai bukata. Mai Rajista ya miƙo masa hannu. Kawu ya karɓa don ba a yi masa tarbiyyar ƙin hannu ba, ya ajiye masa ledar a kan tebur, ya fita. A makon aka ba wani matashin direba sha huɗu.

Yanzu yana zama a shagon facin wani maƙwabcinsa, yana taya shi duba iska da kwance taya. Bai koma asibiti ba, kuma na'urar hancin ba ta shigo gidan ba. Shi da Inna suna magana kan komai ban da wannan. Shagon yana kan titin da motar ke bi. Kwanan baya na same shi a can, tana wucewa ya karkata kunne, ya ɓata fuska. Ya ce yaron yana ɗora ƙafa a kan kuloci, in bai daina ba wata uku ba zai kai ba, kuma a hawan gada motar za ta mutu masa da mutane a ciki. Ya ce in bi ta gareji in gaya wa bakanike.

Na bi da yamma na faɗa. Bakanike ya goge hannu da tsumma ya ce zai duba, sannan ya tambaya ko Kawu zai yarda ya zo ya zauna gefen sabon direban kwana biyu ya nuna masa hanya. Na kai saƙon. Kawu ya ce a gaishe shi.