Na Tsaya Gyaran Kik

Motata tsohuwa ce, ta girmi babban ɗana. Aibunta ɗaya ne. Wani lokaci in ka murɗa makulli sai ta tashi nan take, wani lokaci kuma sai ka ji ƙat, shi ke nan. Ka sake murɗawa, ƙat. Ka fito ka zagaya ta, ka zage ta son ranka, ka koma ka murɗa, ta tashi kamar ba ita ba. Sai ta yi sati biyu lafiya lau, sannan ta zaɓi ranar da na makara zuwa ofis ta tsiro da halinta.

Yayana mai gyaran wayar mota ne. Garejinsa na Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da gidanmu na gado inda yake zaune da Inna, mahaifiyarmu. Ni kuwa ina Tarauni. Sau uku ina kai masa motar, sau ukun tana tashi a gabansa tun kafin ya gama murɗa makulli.

"Anya ba hannunka ba ne?" ya ce yana dariya. "Ɗan boko, ko makulli bai iya murɗawa ba."

"Wallahi Yaya, jiya sai da aka tura ni."

"Turi ba gyara ba ne. Ciwon da ke ɓuya in ya ga likita, ranar da ya fito ake kama shi. In ta ƙi, kar ka bari a tura. Ka tsaya ka bi ta daki-daki."

Ya lissafa min. In kunna fitila in murɗa makulli. In fitila ta dushe, batir ne ko kan batir. In ba ta dushe ba, in duba wayar da ta taso daga batir ta kama jikin mota. In nan ma lafiya, to maganar ta koma kan kik, wato injin da ke juya mota ta tashi. Na ce to. Ban taɓa yi ba. Duk ranar da ta ƙi, maƙwabta na turawa, ni kuma ina sakin kuloci, a wuce wurin.

Wata Asabar da safe, ban ma karya ba, Baffa ƙanen mahaifinmu ya kira ni. Ya ce in yi haƙuri, Yaya ya dawo daga masallaci da asuba ya ce ƙirjinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An sa jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya.

"Ka zo da mota," ya ce. "Ƙafata ba za ta kai ni maƙabarta ba."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, saboda ita ake faɗa. Ban ji komai a raina ba. Matata ta fashe da kuka, ni kuma na tsaya ina neman hular da za ta dace da rigata. Muka fito, muka shiga mota, na murɗa makulli.

Ƙat.

"Mu hau adaidaita sahu," in ji matata.

"Ku yi gaba, ina zuwa."

Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba, ta ja yara suka tafi. Maƙwabcina, wani dattijo tela, ya fito da mutum biyu daga shagonsa, sun riga sun ji labari. Suka yi min ta'aziyya, suka dafa bayan mota.

"Malam, shiga ka sa giya biyu."

"A'a Baba, kar ku tura. Yau zan kama ta."

"Kama wa? Gawa fa ke jiran ka."

Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce motata ce, na kuma san lokaci. Ya juya ya koma shagonsa.

Na kunna fitila, na murɗa makulli, na leƙa haskenta a jikin bango. Ba ta dushe ba. Duk da haka na kwance kan batir, na kankare wannan farin garin da ke taruwa a kai, na mayar na ɗaure tamau. Ƙat. Na bi wayar da ta kama jikin mota, na kwance ta, na goge tsatsar da takardar yashi, na mayar. Ƙat. Waya tana ta ruri a aljihuna. Ina jin ta, na san wa ke kira, na kuma san dalili. Ko da ƙafa na kama hanya da na isa Gyaɗi-Gyaɗi da sauran lokaci. Na san wannan ma. Hannuwana dai suna ta aiki, ni kuma ina kallon su.

Na shimfiɗa kwali na kwanta a ƙarƙashin motar da fararen kayana. Na ƙwanƙwasa kik da sifana, yadda na ga ana yi in burushin da ke cikinsa ya cinye. Na fito na murɗa, ƙat. Na koma. A karo na biyu ne hannuna ya taɓa wata siririyar waya da ke shiga kan kik ɗin. Ta motsa. Bakinta ya saki, ya yi kore, rawa kawai yake yi a mazauninsa. In mota ta girgiza ya taɓa, ta tashi. In ya kauce, ta ƙi. Abin da ya wahalar da ni shekara guda ke nan. Na zare ta, na kankare bakin, na matse shi da filaya, na mayar har sai da na ji ya kama.

Na murɗa makulli, ta tashi. Na kashe, na sake, ta tashi. Sau biyar na yi. Na zaro waya in kira Yaya in ce masa ɗan boko ya kama ta. Sai da na ga lambarsa sannan na ga agogo.

Da na isa, mutane na dawowa. Wasu na wanke ƙafa a ƙofar gida, an fara shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Shi kuwa Baffa, wani ne ya kai shi a babur. Ya ce an jira ni, an yi ta kira, liman ya ce ba a jinkirta gawa.

"Ina ka tsaya?"

"Mota ce ta ƙi tashi."

"Allah sarki. Haka Allah ya ƙaddara."

Kowa haka ya ce. Da wani ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na shiga wajen Inna na durƙusa. Ta dubi baƙin mai da ke hannuwana da gaban rigata, ta sa aka kawo min ruwa da sabulu. Ba ta tambaye ni komai ba, har ta bar duniya ba ta tambaya ba.

Bayan la'asar na zame na tafi maƙabarta ni kaɗai. Na tarar da mai gadin, na gaya masa wanda nake nema. Ya kai ni can gefen katanga. Sababbin kaburbura uku ne a jere, ƙasarsu ba ta bushe ba, babu allo babu alama.

"Yau uku aka kawo kafin azahar," ya ce. "Naku na wane lokaci ne?"

"Sha ɗaya."

"Biyu kusan tare suka zo. Ba ka cikin masu rakiya ne?"

Na ce ba na ciki. Ya ce to in tambayi wanda ya zo, zai nuna min. Na tsuguna na yi wa ukun addu'a ɗaya bayan ɗaya, a nan ne kuka ya zo min, a gaban na tsakiya, wanda ban san ko na wane ne ba.

Mutum fiye da ɗari sun san inda aka sa shi. Ban iya buɗe baki na tambayi ko ɗaya ba. Yanzu layin ya cika, damina ta sha bi ta kansa ta baje shi, ko su ma sai dai su yi kirdado.