Hujin Kaka Ba Kuskure Ba Ne

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Malam Idi, maƙerin gwangwani a bakin kasuwar Filinge. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Yanzu ina lise, wato babbar sakandare, kuma sai bana na samu bakin faɗin abin da ya kamata in faɗa tun ranar zaman makokinsa.

Kaka yana ƙera mazurari da ludayin awo, amma an fi saninsa da gwangwanin ban ruwa, mai dogon wuya da faffaɗan kai, wanda masu lambu ke shayar da shuka da shi. Sauran maƙera da ƙusa suke huda kan, huji ya fito a zagaye. Shi kuwa sai ya fara dukan bakin ƙusar ta baje, hujinsa ya fito da ɗan tsawo kamar ƙwayar shinkafa. Masu lambun dankali na Bonkuku nasa suke nema, wai ruwansa ba ya tone gindin ɗanyen tsiro. Mutanen gari kuwa cewa suke idon tsoho ya raunana.

Wata rana na biya rumfarsa daga makaranta. Ya yi wa gwangwanin tumatir huji guda irin nasa a gefe, ya cika shi da ruwa, ya ɗaga saitin rana.

"Taho, matata, duba nan. Mi kika gani?"

Na gani sarai. Ruwan ya fito da faɗi, ya tsuke, ya sake buɗewa ta ɗaya gefen kamar sarƙa, sannan ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo. Amma akwai mutum biyu a kan benci, sai na sunkuyar da kai.

"Wagga mata tawa ba ta da baki," in ji shi. "Sakin ki zan yi in samo mai surutu."

Suka yi dariya. Bai sake tambayata ba, ni ma ban koma na ce na gani ba.

Ranar makoki ina bayan zana na ji wani maƙwabci yana cewa, cikin tausayi, "Allah ya jiƙan Idi, a ƙarshe ko huji ba ya iya yi daidai." Kowa ya ce amin. Na san ba haka ba ne, kuma na yi shiru. Kawu Sale da ya gaji rumfar ya koma huda da ƙusa zagayayya, don a ganinsa rufa wa mahaifinsa asiri yake yi.

A watan jiya malaminmu na kimiyya, Mushe Abdu (Mushe shi ne Malam da Faransanci), ya juyo mana fuskar ordinatarsa, wato kwamfuta. Ya ce wannan ba hoton ruwan gaske ba ne, na'urar ce ta lissafa yadda ruwa zai yi in ya fito cikin iska ta ƙofar da ba zagayayya ba. Sai ga sarƙar Kaka, shuɗiya, tana tafiya a hankali. Mushe ya ce fatar ruwa ce ke jan gefen mai faɗi ciki, ta wuce gona da iri, ya ɓullo ta ɗaya gefen, kuma wannan kai-komon kan sa ruwan tsinkewa da wuri. Ya sauya ƙofar ta zama mai kusurwa uku, ruwan ya juye wani iri.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ce, "Mushe, kakana ya san wannan." 'Yan ajin duk suka juyo, don wasu ba su taɓa jin muryata ba.

Tun ranar nake tunanin me zai ce da yana nan. Na san zai fara da tsiya, ya ce ruwan da ba ya jiƙa ƙasa ina amfaninsa. Bayan haka zai matso da fuskarsa dab da gilashin, ya ce a tsayar, a mayar baya, a ƙara. Kullum kukansa shi ne ruwa ya fi ido sauri. Wannan ɗin nake so a ce ya gani, ruwan da ke tsayawa in an ce ya tsaya.

Ran Lahadi na je rumfar Kawu. Na gaya masa duk. Ya huda gwangwani biyu, ɗaya da tasa ƙusar, ɗaya da wadda ya baje, ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ashe Baba ba makancewa ya yi ba," in ji shi. Ya share fuska da hannun riga. "To ke mai ido, ƙaƙa yake riƙe ƙusar?"

Kaka bai bar hoto ba, bai bar rubutu ba, gwangwanayensa ma tsatsa tana cinye su a lambuna. Da na ɗauka komai nasa ya tafi. Amma na tuna yadda yake ɗan kwantar da ƙusar wajen babban yatsa, ya buga sau biyu a hankali, na uku da ƙarfi. Na kama hannun Kawu na gyara masa.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya sanyaya makwancinka.