Saƙon Da Umma Ta Ƙulle A Mayafi

Ƙanena a unguwar Bani Malik, nan ƙasa mai tsarki, aka haife shi, a ɗakin da aka haife ni. Da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya rasu, iƙama, takardar zamansa, ta mutu, aka kama shi a bakin aiki aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa takawa ba. Wai an mayar da shi gida. Gidan wa?

Tun daga nan Umma ba ta da zance sai na saƙo. Mu nan haka muke yi, in mai umara zai koma sai a bi shi har masauki, a fara godiya tun bai amsa ba. Amsar kuwa ɗaya ce, kilo ya cika. Wani Alhaji ya ɗaga ledar kayan da Umma ta haɗa ya ce, "Hajiya, dutse kika sa?" Na buɗe baki zan tambaye shi ko barguna huɗun da ya saya iska ce, Umma ta taka min ƙafa.

A kwanakin ne talabijin ta nuna kumbo ya tashi da mutane, za su kai abinci da ruwa ga waɗanda ke zaune a tashar sararin samaniya. Umma na ƙasa tana rage kaya. Ta cire dabino, ta cire gwangwanin waken ful, ta bar shayi da yajin da take daka wa ƙanena.

"'Yan'uwansu ne a can?" ta tambaye ni.

"A'a, Umma, aikinsu ne."

"Ka ji 'yan halak. Har sama, ba wanda ya ce kilo."

Ledar ta yage, sai ta zare mayafin kanta ta ƙulle sauran. Wata tsohuwa mai komawa Kano ta karɓa, ko ɗagawa ba ta yi ba.

Bayan mako biyu ƙanena ya kira da rana, na sa wayar a tsakaninmu. Ya ce kaya sun iso, ya rabar wa maƙwabta.

"Rabarwa, ya waladi, ɗana?"

"Na kwance na ji ƙamshin ɗakinki, Umma. Kwana uku ban fita ba. Mayafin na riƙe. Don Allah kar ki ƙara aikowa, ba zan iya ba."

Wallahi na ji haushinsa, na tuna wulaƙancin da ta sha a ƙofofin masaukai. Daga baya haushin ya tafi, ya bar ni da baƙin ciki tsantsa.

Da yamma aka sake nuna mutanen tashar suna shawagi suna buɗe kayansu. Umma ta daɗe tana kallo.

"Su in sun gama, ana barinsu su sauko gida?"

Na ce ana barinsu.

Ta ce, "Halas, shi ke nan," ta tashi ta mayar da turmin yajin ƙarƙashin gado.