Ɗankwalin Matar Mai Guga

Mai Feshi ake ce masa, kuma ba don turare ba. Tun yana saurayi yake guga da dutsen gawayi a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya. Sai ya guntsi ruwa, kumatu su kumbura, ya fesa wa riga kamar yayyafi, sannan ya ɗora dutse. Matarsa takan ce duk ɗan ƙwalisar da ke unguwar, yawun mijinta yake yawo da shi.

Shekaru suka ja. Haƙora suka yi ta sallama ɗaya bayan ɗaya, feshi ya koma dalala a gemu. Ita ma matar ta riga shi tafiya. Abin da ya rage masa nata shi ne ɗankwalin da ta cire ranar da aka kai ta asibiti. Bai yarda an wanke ba. Yana ƙarƙashin matashinsa da ƙamshinta a jiki, na man gashi da ɗan hayaƙin murhu.

'Yarsa ce ta kawo masa dutsen lantarki mai tururi.

"Baba, ga mataimaki. Shi ma ruwa yake sha ya fesa, sai dai ba ya jiƙa gemu."

"Wato har bakina za ku yi wa ritaya?"

"Ai da kansa ya ajiye aiki, Baba."

Ya yi ƙunƙuni, amma ya saba da shi.

Wata safiya yana kakkaɓe shimfiɗa, ɗankwalin ya faɗo duk a yamutse. Kunya ta kama shi.

"Haba, uwar gida, matar mai guga guda?"

Guga ai ba wanki ba ne, in ji zuciyarsa. Ya tafi da shi shago, ya shimfiɗa, ya danna. Tururi ya tashi, ƙamshinta ya cika shagon, sai ka ce yanzu ta gifta ta bayansa. Ya sunkuyar da kai ya sake dannawa, ya kuma, har dutsen ya yi tari, ruwa ya ƙare.

Ya ɗaga ɗankwalin ya shinshina. Sai ƙaurin yadi mai zafi.

Da rana 'yar ta kawo abinci.

"Lallai Baba! Ɗankwalin Inna ya koma sabo fil!"

"Sabo," ya ce.

Ya ninke shi tsaf, ya ɗora kan kayan da masu su suka daɗe ba su zo karɓa ba.