Wankan Latifa

Latifa ta baro Damagaram a 2003 don ta karanci haɗa magunguna a Lyon, sai waƙa ta ɗauke ta. Waƙar jaz take yi a ƙananan gidajen rawa, da wata murya mai kauri, tana cusa Hausa cikin Faransanci ba ruwanta da wanda bai gane ba. Ta auri Karim, ma'aikacin wata masana'anta a Saint-Fons, ta so shi tsakani da Allah, suka rabu ba faɗa. Daga baya ta koma Paris, ta zauna a unguwar Belleville da Raliatou, 'yar Maraɗi mai aikin jinya, ita ma ta so ta tsakani da Allah.

Abin da ya hana ta zama lafiya bakinta ne. Kafin waƙar ƙarshe sai ta ce wa jama'a, “Na so namiji, ina son mace, ban yi ƙarya ga ko ɗaya ba.” 'Yan gida suka daina gayyatarta suna. Su kuma abokanta Turawa, masu ganin sun waye, suka dame ta da ta zaɓi ɓangare guda. Ran Lahadi takan dafa shinkafa da wake wa matasan da iyayensu suka kora saboda irin wannan so. In wani ya kira Raliatou ƙawarta, nan take za ta gyara masa: “Matata ce.” Raliatou mai kunya ce, takan ji kamar ƙasa ta tsage.

Ciwon daji ya ɗauke Latifa a 2016. Abu ɗaya ta roƙa: kada baƙon hannu ya wanke ta.

Da safe matan unguwa suka hallara a ɗakin ajiye gawa na asibiti, da turare da likkafani. Hajiya Fatsima, wadda ta saba wanke matan Hausawa a Paris, ta tsaya bakin ƙofa. Ta san komai, kowa ya sani. A waje maza na yi wa Karim gaisuwa, mutumin da ya shekara takwas bai ga Latifa ba. Ba wanda ya ce wa Raliatou ya haƙuri.

“Dangi ka shiga, ko aminiya,” in ji Hajiya, idonta a ƙasa. “Ɗiyata, ke mi ce ce gare ta?”

Hanya ce tsohuwar ta buɗe mata, Raliatou ta gane. In ta faɗi kalmar Latifa, sai dai ta tsaya a waje.

“Ƙawarta ce ni, Hajiya.”

Aka matsa mata ta shiga. Ta taɓa ruwan ta ji ɗuminsa, ta fara da ɓangaren dama, ta warware kitson da ita ta yi da hannunta. Tana zuba ruwa tana kallon bakin nan. Yau an ce ƙawa a gaban Latifa, ba ta gyara ba.