Wuyan Na-Sama

Ƙanena mai fenti ne. Tun yana saurayi silin yake yi, aikin da sauran masu fenti ke gudu, shi ya sa ake ce masa Na-Sama. Yini yake a kan tsani, kai a ɗage, ƙeya kamar za ta taɓa baya. Da wannan wuyan ya ciyar da 'ya'yansa.

Bara ya fara ganin duhu in ya ɗaga kai, ya ɓoye mana. Ranar da ya sulalo daga tsani harshensa ya yi nauyi, ni na kai shi asibiti, don matarsa kuka kawai ta iya.

Aka ɗauki hoton kansa. Likitar ta nuna mana da bakin biro.

"Jijiyoyi biyu ke bi ta bayan wuya su kai jini ƙwaƙwalwa. Ga taka ta hagu, kakkaura. Ga ta dama."

Sai da na sa tabarau na gan ta, siririya kamar zare.

"Fenti ne ya cinye ta?" in ji shi.

"Haka aka haife ka. Mutane da yawa haka suke, su tsufa ba su sani ba. Amma kai in ka ɗage kai, ƙashin wuya na danne mai kyaun, ga shi ba mai taya ta. Wata rana jinin ba zai dawo da wuri ba."

Ya dube ni. "Yaya, ashe Inna rowa ta yi mini."

Ban yi dariya ba.

Ya koma fentin bango, amma masu bango sun yi yawa, shi don silin ake nemansa. Sai ya sa kafinta ya haɗa masa dogon gado na katako. Yanzu a kwance yake aiki, rigingine, hancinsa dab da silin, wuya a miƙe.

Na je na gani. Fenti na ɗiga masa a fuska. Ya ji takuna, ya fara karkato kai.

"Kada ka juyo, ɗan banza!" na daka masa tsawa.

Ya sandare, buroshi a sama.

"Yaya, ke ce?"

"Ni ce. Kana gani sosai?"



"Ina gani," ya ce a hankali. "Ki tsaya nan har in sauko."