Garejin Penjor Mai Ƙofa Biyu

Faɗan da na yi da Penjor a kan katangar lambuna ne. Ina tsugune ina cire ciyawa cikin kabeji sai na ji ƙasa ta girgiza. Ina ɗago kai sai ga gindin gingimarinsa a cikin lambun, duwatsun katangar sun watse kamar an juye buhun dankali. Katangar nan mahaifiyata ce ta jera ta da hannunta saboda aladun daji.

Na ce, "Kai Penjor! Kabejina kake so ka kai kasuwa? Ai da ka bari na cire maka."

Ya leƙo ta taga, bakinsa jajur da doma, irin goron da muke taunawa a nan, ya ce, "Aum Zam, katangar nan taki ta matso. Bara ba a nan take ba."

"Ta matso? Ƙafa ta yi? Tun kafin Bidha ta ɗauko ka daga ƙauyenku take nan, wando ɗaya gare ka a lokacin."

Wannan ta shige shi. Ya sauko, ya faɗi tasa, na faɗi tawa, har karnukan unguwa suka taya mu. Washegari ya zo ya jera duwatsun a karkace, bai gaishe ni ba, ni ma ban ba shi shayi ba. Fushina bai daɗe ba. Abin da ya daɗe tare da ni tambaya ce: yaya aka yi Penjor, Penjor dai, ya bugi katanga da rana tsaka?

Sai an san shi za a gane dalilin tambayar. Baƙo ne a kwarinmu, aure ya kawo shi, ya tare a gidan matarsa Bidha kamar yadda maza ke yi a wajenmu. Gidan na Bidha ne, gonakin dankali nata, shanun nata, har tukunyar da yake cin barkono da cuku a ciki ta uwarta ce. Ya fara da jan alfadarai, yana haura tsauni da buhunan mutane tun ba a fasa mana titi ba. Da titi ya iso ya bi wani direba ɗan Indiya yana wanke masa mota har ya koyi tuƙi, daga baya ya sayi tasa, tsohuwa, mai hayaƙi. Ita kaɗai ce abin da zai nuna a duniya ya ce tasa ce. Ya yi mata kwalliya da fenti, ya rataya mata zaren da lama, malamin addininmu, ya tofa wa addu'a, duk safiya ya kunna mata turare kafin ya kunna wa ɗakin ibadar gidansu. Bidha ta sha cewa da motar na iya dafa shinkafa da tuni an sallame ta.

Shi ke kai dankalin rabin ƙauyen nan gwanjon garin Phuentsholing, can gangare a gindin tsaunuka, a kan hanyar da in ka leƙa ta taga ba ka ganin ƙasan kwazazzabo sai hazo. Tun gashinsa na baƙi har ya yi fari, ko fitila bai taɓa fasawa ba. Na taɓa bin sa sau ɗaya, muka yi kiciɓis da wata mota a inda hanya ba ta ɗaukar biyu. Ya yi ribas a bakin ramin nan yana taunar doma yana ba ni labarin surukarsa, ni kuwa na rufe ido ina jan carbi. To mai wannan hannun ne ya kasa ganin katangata.

Ba a jima ba sai na ji wai ya nemi izinin rushe garejinsa ya gina babba. A kwarinmu ko akurkin kaji ba ka faɗaɗawa sai da izini, saboda gauraki masu baƙin wuya da ke sauka a fadama duk hunturu. Don su aka binne mana wayar lantarki a ƙasa. Sai mai gari ya yarda, maƙwabta sun dangwala yatsa, sannan mutanen gandun daji su zo su auna. Su kuma sun riga sun ƙoshi da masu cewa gareji za su gina, ana gamawa sai ka ga gadaje a ciki da baƙi masu ɗaukar hoton tsuntsaye.

Ranar awo na ɗauki kwandona na je na tsaya kamar mai wucewa. Jami'ar wata yarinya ce mai suna Yangden, da takalmin roba har gwiwa. Penjor ya riga ya kafa turaku, ta bi su da igiyar awo tana girgiza kai.

"Ap Penjor, motarka ɗaya. Wannan faɗin kuwa zai ci biyu. Baƙi za ka sauke?"

"Ni da baƙi? Bidha ma da ƙyar nake iya zama da ita."

"To ƙofar bayan ta mece ce?"

"Iska," in ji shi.

Na kasa daurewa. Na ce, "Iska? A kwarin da ruwa ke daskarewa a bokiti? Motar ce ke jin zafi?"

"Aum Zam, an kira ki?"

Yangden ta yi dariya, amma ba ta saki maganar ba. Ta ce faɗin za a iya dubawa, in dai zai yi wa ginin rufi da tagogi masu sassaƙa da fenti irin na gidajenmu. Ƙofar baya ce matsalar. Motar da ta fita ta nan dole ta zagayo ta koma titi, hanyar da ya zana kuwa ta gefen fadama ta bi, inda gauraki ke kiwo. Ta ce ko taya ɗaya ba za ta taka wurin ba. Ta juya ta dubi ɗaya gefen, ta nuna da haɓa. "Sai dai ta can. Ƙasar wace ce?"

Kusurwar gonata ce.

Bayan kwanaki sai ga Penjor a ƙofar gidana da kwalbar ara, giyar da ake dafawa a gida, da dunƙulen man shanu, yana kirana Angay, wai kaka, ni da ban girme shi da wani abin kirki ba. Na karɓi man, na zuba masa shayi, na ce, "Kusurwar ba ta dame ni ba, duwatsu ne a wurin. Yatsana ma ga shi, bai taɓa ƙin tawada ba. Amma sai ka faɗa mini ƙofar bayan ta mece ce."

"Na ce iska."

"To iska ta dangwala maka."

Daga nan na sa masa ido, don ni abu in ban gane shi ba abinci ba ya mini daɗi. Na fara zaton ko katako yake so ya riƙa shigowa da shi a ɓoye daga daji. Na yi zaton mace ce, sai na dubi Penjor da kyau na yar da wannan. Abin da na lura da shi ƙanana ne. A kasuwa ba ya ajiye mota inda kowa ke ajiyewa, sai ya wuce can nesa inda zai fita da gaba. In ya sauke kaya a gonar wani, gara ya zagaye ƙauyen gaba ɗaya da ya juya a ƙofar gona. Ya daina harbin baka ranar hutu, wai kafaɗa. Kuma gefen hagu na motar nan mai kwalliya duk ya kwarzane.

A gidan mai gari na gane, ranar addu'ar shekara. Muna zaune a jere ana jiran abinci, na samu wuri a hagun Penjor. Na buɗe ɗan akwatina na naɗa doma, ganye da farar ƙasa da ƙwallon da ake taunawa, na miƙa masa. Doma ba a ƙin ta. Ko wanda kuka yi faɗa da safe in ya miƙo maka sai ka karɓa, balle Penjor da zai iya karɓar ta daga hannun damisa. Hannuna ya tsaya a iska dab da kuncinsa, yana kallon gaba yana dariyar maganar wani. Na ɗan kaɗa hannun. Ko gezau. Sai na tashi kamar zan gyara zani, na zagaya ta damansa na miƙa. Kafin hannun ya gama miƙewa ya cafe.

"Yau kuma Aum Zam ce da kyauta? Za a yi dusar ƙanƙara."

Na koma wurina na zauna. Da rana washegari na same shi a tsohon garejin yana goge fitila, na shiga na tsaya ta hagunsa. Na daɗe a tsaye kafin na yi tari. Ya zabura har tsumman ya faɗi.

Na ce, "Tun yaushe idon hagun ya tafi?"

Ya buɗe baki zai ce iska ko wani abu makamancinta, sai ya rufe. Ya zauna a kan matakin mota. Ya ce tun bara ya fara ganin hazo, yanzu madubin hagu ba ya nuna masa komai, wuyan kuma ya sandare, ba ya juyuwa yadda idon dama zai taimaka. Gaba yana gani sarai. Ribas ne ya gagare shi. In akwai ƙofa biyu da faɗi, zai shiga da gaba ya fita da gaba, ba wanda zai sani.

"Ka je wurin likita mana."

"In je su karɓe lasin? In zauna a gidan Bidha ina me? Ina korar hankaki daga gonarta?" Ya dube ni da idon da ya rage. "Aum Zam, kada ki gaya mata."

"Bidha? Kai ba ka lura tun bara ta dama take ajiye maka shayi ba? Ka ɗauka tabarma ce ta matso, irin katangata?"

Ya sunkuyar da kai, har na ji tausayinsa, abin da ba na son ji.

Na ce masa zan ba da kusurwar, zan dangwala, amma hanyar Phuentsholing ta ƙare. Taki, itace, duwatsu, dankali daga gona zuwa bakin babban titi, duk ya ɗauka a cikin kwari inda abin da zai buga bai wuce katanga ba. Amma ba zan sa yatsana a takardar da za ta kai shi bakin kwazazzabo da 'ya'yan mutane a bayan mota ba. In kuwa na ga ya nufi gangare, da ƙafata zan je wurin mai gari.

"Ke dai muguwar tsohuwa ce."

"Na sani. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya yarda, bayan ya bar ni ina jira har aka gama tonon dankali. Ya gaya wa mutane wai gwanjon ya lalace, ba riba a hanyar. Na dangwala a gaban mai gari, Yangden ta dawo ta sake awo, ta tafi da takardun. Izinin ya fito a makon da gauraki suka sauka, kuma muddin suna fadama ba a buga guduma a kwarinmu. Haka Penjor ya kwashe hunturu yana tsaye a bakin turakunsa yana hararar tsuntsaye. Na ji shi da kunnena yana ce musu, "Ku ba wanda ya tambaye ku izini, ko?"

Da suka tashi aka yi ginin. Ya fi ɗakin kwanansu kyau, tagogi da sassaƙa, furanni da fenti, ƙofa gaba ƙofa baya. Baƙi sun sha tsayawa suna cire takalmi a bakinsa, sun ɗauka wurin ibada ne. Duk safiya sai in ji motar ta fito ta baya, ta bi kusurwata a hankali, ya danna mini ham ko ina so ko ba na so. Ya cika alkawari, ban taɓa ganin ya nufi gangare ba. Kaka biyu ya yi a haka, kuma kowa a ƙauyen ya sani, ba wanda ya ce masa uffan. Mutane dai sun koyi tsayawa ta damansa, sun koyi kawar da 'yan maruƙansu in sun ji hayaƙinsa.

Sai idon daman ya bi ɗan'uwansa. Motar ta daina fita. 'Yarsu da ke aiki a Thimphu ta aiko cewa za ta zo ta tafi da shi asibiti, ko yana so ko ba ya so. Ana gobe za ta iso ya lallaɓo gidana yana dafa katanga, ya ƙi zama.

"Aum Zam, na zo in mayar miki da kusurwarki. Ki sa a nome ta. Ba mai bin ta kuma."

"Wa ya ce ina so?"

"To me za ki yi da hanyar da ba mota?"

Ban sake ganinsa ba bayan ranar. 'Yar ta iso tun da sassafe kafin in gama tatsa, daga asibitin kuma bai dawo kwarinmu ba. Har yau ina son in san, da a ce ta makara, ko da ya zo. Amsar da na ba shi dai a ranar, kafin ya tafi, ita ce:

"Gobe da hantsi ka tayar da ita. Ni zan hau in zauna a hagunka in gaya maka inda hanya take, mu fita ta baya, mu zagayo, mu shiga ta gaba. In ka jefa ni a rami, sai na riga ka tashi na zage ka."